Sharhi kan hutun aikin sa-kai ba leda ba roba a tsibiran Farasan

Wani ƙaramin kamfanin shirya tafiye-tafiye a Jidda ne ya haɗa wannan hutu, kuma sharaɗinsa shi ne kada mahalarci ya shigo da leda ko gorar roba ta sha-ka-yar. Daga birnin Jizan da ke kudu maso yammacin Saudiyya muka hau jirgin ruwa zuwa Farasan, tsibiran da ke kudancin Bahar Maliya, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin yankunan kare halittu a shekarar 2021.

Aikin bai wuce tsintar shara a bakin teku da sassafe ba, da kuma zare ledoji da igiyoyin masunta da suka sarƙe a saiwoyin bishiyoyin shura, wato itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a gaɓar teku. Nan ne aikin ya fi cin rai, domin mutum yana tsaye cikin taɓo har ƙauri, ledar da rana ta gasa kuwa da an ja ta sai ta ruguje a hannu, dole a bi gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya. Jagoranmu ya bayyana mana cewa kunkurun teku kan haɗiye ledar da ke yawo a ruwa a zaton abinci ce, ta toshe masa hanji.

Inda kamfanin ya cancanci yabo shi ne batun ruwan sha. Duk mazaunin Saudiyya ya san yadda muka dogara da katan-katan na ruwan gora, saboda haka da an bar kowa da dabararsa, da sharaɗin bai kai azahar ba. Sun tanadi manyan kuloli cike da ruwan sanyi a mota da masauki, kowa yana cika gorarsa ta ƙarfe. Sauran kayan ba su ba ni wahala ba: aswaki da sabulun sanda sun wadatar.

Abinci ne ya ba su kunya. Shinkafa da kifin da suka sayo daga gidan abinci sun iso cikin robobi, har da ledar shimfiɗa da cokulan roba, alhali manyan farantai da tabarma sun isa. Wata dattijuwa ’yar Makka da ke cikinmu ta ce wa jagoran, “Ɗana, wannan ma mu za mu tsince ta gobe?”

Ina ba da shawarar wannan hutu ga mai jure tafiya a ƙasa, amma ya zaɓi lokacin sanyi, ya kuma tambayi yadda za a kawo abinci kafin ya biya kuɗi.