Ofishin da ya haɗa mana takardun ɗaukaka ƙara a Injamena

Ɗan yayata, wanda yake Faransa, ya kira ni da dare ya ce, "Kawu, sun hana ni." Hukumar OFPRA, wadda take duba buƙatun masu neman mafaka a ƙasar, ta ƙi amincewa da tasa, tana cewa bayaninsa game da tsarewar da aka yi masa bayan zanga-zangar adawa da gwamnatin Chadi ta 20 ga Oktoba 2022 bai fito da dalla-dallan abin da ya faru ba. Da na karanta takardar da kaina ban ga laifin hukumar ba, domin yaron mai kunya ne, kuma ya ba da labarinsa a dunƙule kamar wanda yake ba da labarin wani. Abin da ya rage shi ne kotun CNDA, mai sauraron ɗaukaka ƙarar masu neman mafaka, da ke Montreuil kusa da Paris, wadda doka ta ba mutum wata ɗaya tak daga ranar da hukunci ya iso hannunsa ya shigar da ƙara a gabanta. Wannan ne ya kai ni wani ƙaramin ofishi da ke can wajen kasuwar Dembe, inda ake haɗa wa mutane takardu, a fassara, a aika ƙasar waje.

Ɗaki biyu ne da fanka mai ƙara, kwamfuta biyu da injin kwafi, sai benci a baranda inda masu neman biza da masu neman gurbin karatu suke jira. Mai ofishin dattijo ne da ya yi aikin magatakarda a da, yana jin Faransanci da Larabci da Hausa, kuma abin da ya fara burge ni shi ne bai tambayi kuɗi ba sai da ya karanta takardar ƙin amincewar daga farko har ƙarshe, yana ja wa wasu layuka layi da fensir. Sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, ba a musa cewa an yi zanga-zanga ba, abin da ba a yarda da shi ba shi ne ɗanka yana ciki." Ya bayyana mini cewa yarjejeniyar Janiba ta 1951 kan 'yan gudun hijira ta ambaci dalilai biyar na tsangwama da ake ba mutum mafaka a kansu, wato launin fata, addini, ƙasa, kasancewa cikin wani rukunin jama'a da ra'ayin siyasa, kuma a ɓangaren siyasa ba dole ne mutum ya riƙe katin jam'iyya ba, ya isa a nuna cewa hukuma ta ɗauke shi a matsayin ɗan adawa.

A nan ne na yi abin da har yanzu nake jin nauyinsa. Na tambaye shi a hankali ko za a iya samo takardar sammaci ta 'yan sanda mai ɗauke da sunan yaron, domin na ji ana cewa akwai masu yin haka. Ya ajiye fensirinsa ya ce ofishinsa ba ya wannan aiki, kuma alƙalan kotun sun ga irin waɗannan takardu har sun gaji, takardar jabu guda ɗaya tana iya jawo shakka a kan duk gaskiyar da ke cikin fayil. Maimakon haka sai ya sa muka nemo abin da muke da shi da gaske: takardar asibitin da aka ɗinke masa goshi, rasit na magunguna, da shaidar maƙwabta biyu da suka ga lokacin da aka tafi da shi. Ya rubuta shaidar kowannensu da kalmominsa, ɗaya da Larabcin Chadi ɗaya da Hausa, kafin ya mayar da su Faransanci, domin kotun ba ta karɓar takarda da wani harshe sai da fassara. Ya kuma tunatar da mu cewa kotun tana auna hatsarin ne bisa halin da ake ciki a ranar da take yanke hukunci, saboda haka naɗa jagoran 'yan adawa Succès Masra firayim minista a Janairu 2024 da kama shi a Mayu 2025 duka abubuwa ne da lauya zai yi magana a kansu.

Sai dai ofishin ya kusa jawo mana asara a inda ba a gyarawa. Dattijon ya ba mu shawara mu jira sai an kammala dukan takardu kafin a shigar da ƙara, ya yi alkawarin kwana biyar, aikin ya kai kwana goma sha biyu, yau babu wuta, gobe yaron da ke buga rubutu ya tafi ta'aziyya Kuseri. Bai kuma ambaci cewa neman lauyan da gwamnatin Faransa take biya yana da nasa wa'adi na kwana 15 ba. Allah ya sa wata ma'aikaciyar masaukin da yaron yake zaune ta riga ta tura wannan buƙata, kuma lauyar da aka ba shi ta gaya masa cewa ana shigar da ƙara cikin wa'adi, takardun shaida su biyo baya. Da na koma na faɗa wa dattijon, ya amsa kuskurensa ba tare da gardama ba, ya rage mini kuɗin aikawa.

Kuɗinsu bai fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi ba, kuma suna ba da rasit. Zan iya tura wani wurinsu don fassara da tsara shaida, amma lissafin ranaku ya bar shi a hannun lauyan da ke can. Takardun sun isa Montreuil, lauyar ta zauna da yaron sau biyu tana sa shi ya maimaita labarinsa da sunayen tituna da lokutan sallah, yayata kuwa kullum da safe sai ta tambaye ni ko an sa ranar zama.