Gargaɗi Kan Masu Tallar Koyon Sifaniyanci a Sifaniya da Zama Gidan Iyali

Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta wannan gargaɗi ne saboda wata talla da ta yawaita a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, wadda ke yi wa matasanmu alƙawarin gurbin koyon Sifaniyanci a wata makarantar harshe a Sifaniya, haɗe da masauki a gidan wasu iyalai da za su riƙa ciyar da ɗalibi, da biza, da izinin aiki, duk a kuɗi ɗaya da za a tura wa wani ejan. Sau da yawa ana ƙawata tallar da hoton filin wasan Real Madrid ko na Barcelona domin samari, ko hoton fadar Alhambra da ambaton tarihin Andalus domin kwantar da hankalin iyaye. Makarantun harshe a Sifaniya gaskiya ne, kuma saukar ɗalibi a gidan iyali tsari ne da aka daɗe ana yinsa a garuruwa irin su Salamanca da Granada da Malaga da Valencia. Jami'ar Salamanca kaɗai tana koyar da baƙi wannan harshe tun 1929. A bayan wannan gaskiyar ne 'yan damfarar suke fakewa, shi ya sa mutum mai hankali ma yake iya faɗawa hannunsu.

Na riƙe irin takardar da suke bayarwa a hannuna. Wani maƙwabcinmu ne, dattijo mai rufin asiri, ya kawo mini ita bayan ya riga ya sayar da filinsa domin tafiyar ɗansa, ya ce: “Malam, don Allah duba mini wannan, yaron nan da ke yi mana hanya ya daina ɗaukar waya.” Takarda ce mai kyan gani, da tambari ja a sama da hatimi a ƙasa, an rubuta sunan ɗan nasa da lambar fasfonsa daidai. Amma babu ranar fara karatu da ranar gamawa, babu adadin awannin darasi a mako, adireshin imel na makarantar kuwa na Gmail ne, irin wanda kowa zai iya buɗewa a wayarsa. Da muka sa adireshin makarantar a taswirar Google muka duba hoton titin, sai muka ga shagon gyaran waya ne a ƙasan wani benen haya. Hoton ɗakin da aka ce yaron zai sauka, mai gado da tebur da darduma a shimfiɗe, mun same shi a wani shafin tallar gidajen haya, babu dardumar. Ƙara ta aka yi da kwamfuta. Kuɗin kuma gaba ɗaya cikin asusun wani mutum aka tura su, a wani banki na nan gida Najeriya.

Yadda aka karɓe kuɗin shi ne abin da nake so iyaye su lura da shi, domin ba a lokaci ɗaya ake neman su ba. Ana farawa da kuɗin rajista kaɗan, wanda ba zai tayar wa kowa da hankali ba. Bayan takardar gurbin ta fito sai a nemi kafin alƙalami na masauki, a ce matar gidan za ta ba wani ɗalibi ɗakin idan ba a biya kafin Juma'a ba. Daga nan sai kuɗin inshora, sai kuɗin samo ranar ganawa a wurin neman biza, sai kuɗin da za a “nuna” a asusu. Duk lokacin da mai biya ya fara shakka, sai ya tuna abin da ya riga ya zuba, ya ga gara ya ƙarasa. Da dattijon nan ya nemi a haɗa shi da masu masaukin ta kiran bidiyo, ejan ɗin ce masa ya yi: “Haba Baba, ai Hajiyar gidan ba ta jin Turanci, kuma ba ta son kyamara.” Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma kunya irin tamu ta hana shi matsawa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane makarantar gaske. Gwamnatin Sifaniya tana da hukumar da ta kafa a 1991 domin yaɗa harshenta, wato Cibiyar Cervantes, kuma ita ce ke tantance makarantu masu zaman kansu da ke koyar da baƙi Sifaniyanci, tana wallafa sunayensu da adireshinsu a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Akwai kuma ƙungiyar makarantun da ake kira FEDELE, ita ma da jerin mambobinta. Ganin tambarin Cervantes a kan takarda ba hujja ba ce, domin kwafo shi ba ya ɗaukar minti ɗaya. Hujja ita ce mutum ya shiga shafin cibiyar da kansa, ya nemo sunan makarantar, ya ɗauki imel da lambar wayar da ke can, ba waɗanda ejan ya ba shi ba, sannan ya rubuta musu ya tambaya ko sun san da sunansa, ko kuma sun san wannan ejan a matsayin wakilinsu. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai saboda wasu 'yan damfarar ba sa ƙirƙiro makaranta, sunan ta gaske suke ara su buga takardar bogi da shi.

Wanda aka cinye wa kuɗi aka toshe lambarsa ya yi asara, amma akwai wanda ya fi shi shiga uku, shi ne wanda ejan ya haɗa masa takardun bogi kuma aka shigar da su da sunansa. Masu neman bizar Sifaniya a Najeriya suna bi ta cibiyoyin kamfanin BLS ne, amma hukuncin bayarwa ko hanawa yana hannun ofishin jakadancin ƙasar a Abuja da ƙaramin ofishinta a Legas, babu wani ejan da ke da ta cewa a ciki. Jami'an suna tuntuɓar makarantu, suna kuma bin diddigin bayanan banki. Ƙasashen yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu tsarin biza na bai-ɗaya da Sifaniya ke cikinsu, waɗanda yanzu sun kai 29, suna da rumbun bayanai guda da ke ajiye zanen yatsun mai neman biza da sakamakon buƙatarsa har tsawon shekara biyar. Ma'ana, yaron da aka kama da takardar ƙarya a yau, idan gobe ya samu gurbin karatu na halal a Faransa ko Jamus, tabon zai iya bin sa, kuma ba za a saurari uzurin cewa ejan ne ya cuce shi ba, tunda shi ya sa hannu a fom.

Sai kuma nau'in da ya fi wuyar ganewa, inda makarantar ta gaske ce, bizar ma za ta iya fitowa, amma alƙawarin da aka ɗora a kai ƙarya ne. Ana gaya wa matashi cewa da ya sauka zai fara aikin awa 30 a mako, ya mayar da kuɗin da aka kashe cikin 'yan watanni, daga baya ya juya bizar ta koma ta zama. Sifaniya ta sauya ƙa'idojin shige da ficenta da doka mai lamba 1155 ta shekarar 2024, wadda ta fara aiki ranar 20 ga Mayu, 2025, kuma ɗaliban harshe na cikin waɗanda ta fi matsa wa. A ƙarƙashinta, izinin zama mai tsawo domin koyon Sifaniyanci yana samuwa ne idan karatun a makarantar harsuna ta gwamnati za a yi shi ko a wadda Cervantes ta tantance, kuma daga ƙasar mutum ake neman sa, ba wai a shiga da bizar yawon buɗe ido a juya ta a can ba. Izinin aikin awa 30 da ke zuwa kai tsaye tare da takardar ɗalibi na masu karatun gaba da sakandare ne, irin na jami'a, ba na mai koyon harshe ba. Sabunta izinin sau ɗaya ake yi, kuma an ɗaure shi da jarrabawar ƙwarewa ta DELE ko SIELE. Ana kuma buƙatar a shigar da takardun neman bizar aƙalla wata biyu kafin ranar fara karatu, don haka duk mai cewa zai fito da ita cikin mako biyu ko dai bai san aikin ba ko yana yaudara ne.

Batun kuɗin hannu ma a fili yake. Dole ɗalibi ya nuna yana da abin da zai riƙe kansa, wanda ake aunawa da wani ma'auni na gwamnati da ya tsaya a Yuro 600 a kowane wata tun 2023, ban da kuɗin makaranta da inshorar lafiya. Ana neman takardar likita, idan kuma zaman zai wuce wata shida a haɗa da takardar shaidar rashin aikata laifi, waɗanda sai an tantance su an kuma fassara su. Wannan sharaɗi na kuɗi yana nufin ƙasar tana sa ran ɗalibin harshe ya zo da guzurinsa ne, ba ya zo neman sa ba. Matashin da ya isa da aron kuɗi a asusu, ba izinin aiki, kuɗin masauki ya ƙare a wata na biyu, ina zai nufa? Da yawa daga 'yan Afirka marasa takardu suna ƙarewa ne a gonakin rumfunan leda na Almeria ko gonakin Huelva a kudancin Sifaniya, suna kwana a bukkokin katako da leda babu ruwa babu wuta, yanayin da wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan talauci, Philip Alston, ya gani da idonsa a Huelva ya yi tir da shi a 2020. Babu ejan da ke sa wannan hoton a tallarsa.

Zan daɗe kaɗan a kan masaukin, domin nan ne zuciyar iyaye take, musamman masu tura 'ya mace. A tsarin gaske makaranta ce ke zaɓen iyalan, ta ziyarci gidajensu, ta karɓi kuɗin masauki a cikin lissafinta, ta aiko wa ɗalibi sunan mai gidan da adireshi da lambar waya kafin tafiya, kuma idan zaman bai yi daɗi ba ana iya neman sauyi. Galibi ana biyan ɗaki ne da karin kumallo da abincin dare, wanda a can ba a cika cin sa kafin ƙarfe tara ba. Gidajen kuwa na mutanen ƙasar ne da al'adarsu: naman alade yana cikin abincin yau da kullum, ana iya ajiye giya a tebur, gidaje da yawa suna da kare a cikin ɗaki. Ɗalibi Musulmi yana rubuta wa makaranta buƙatunsa tun da wuri, kuma makarantar kirki za ta faɗa masa abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Akwai Musulmi da masallatai da mahautan halal a manyan garuruwa, babban masallacin Granada ma tun 2003 aka buɗe shi a unguwar Albaicin, amma wanda ya ba ka tabbacin “gidan Musulmi masu sallah” a kowane gari kuma a farashi mai rahusa, ba tare da suna ko adireshi ba, ya karanci abin da kake son ji ne kawai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tallar da ke cewa yarinya za ta zauna kyauta, ta ɗan taimaka da aikin gida da renon yara a madadin kuɗin ɗaki, ta riƙa zuwa makaranta da yamma. Idan babu yarjejeniya a rubuce, babu makarantar da ta san da gidan, kuma aka ce za a riƙe mata fasfo “don kada ya ɓata”, to wannan ƙofar safarar mutane ce, kuma irin aikin da aka kafa hukumar NAPTIP a 2003 domin yaƙarsa ke nan. Kada uba ko uwa su amince da tsarin da ba za su iya kiran makaranta kai tsaye su tambayi inda 'yarsu take kwana ba.

Wasu kuma suna tallar makarantun Antigua a Guatemala ko Quito a Ecuador, waɗanda su ma sanannu ne wajen koyar da baƙi, amma suna raɗa wa matashi cewa daga can Amurka kusa ce. Wannan ba tallar karatu ba ce, fasa-ƙwaurin mutane ne, kuma daga Kudancin Amurka hanyar tana ratsa dajin Darien ne da ke tsakanin Kolombiya da Panama, inda rayuka da dama suka salwanta.

Wanda yake son harshen da gaske, kuma yana da halin tafiya, ya yi mu'amala da makaranta kai tsaye. Ya nemi takardar lissafi mai ɗauke da sunan makarantar da lambar harajinta, ya tabbatar asusun da zai tura kuɗi da sunanta yake, lambar asusun bankin Sifaniya kuma da haruffan ES take farawa. Ya karanta sharaɗin mayar da kuɗi idan an hana biza kafin ya biya ko sisi, domin makarantu da yawa suna mayarwa bayan cire wani kaso idan aka nuna takardar hanawar. Kwas ɗin da bai wuce kwana 90 ba da bizar gajeren zama ake zuwa, kuɗinta Yuro 90 tun watan Yuni na 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma ana dawowa gida idan ta ƙare. Ya kuma fara koyon harshen tun yana gida, ko da matakin farko ne, domin wanda zai iya karanta takardar da aka aiko masa ya fi wuyar cuta.

Ga waɗanda suka riga suka biya, kada kunya ta sa ku yi shiru kamar yadda maƙwabcina ya yi na tsawon makonni. A adana rasit da hirarrakin WhatsApp da saƙonnin murya da lambar asusun da aka tura wa kuɗi, a garzaya banki a shigar da ƙorafi a rubuce tun kuɗin ba su yi nisa ba, sannan a kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. A yi hattara da wanda zai bugo daga baya ya ce shi lauya ne ko jami'i mai ƙwato kuɗi idan aka ba shi wani abu, domin sau da yawa mutanen farko ne suka sauya layi. Idan kuwa fasfon yaro yana hannun ejan har yanzu, a karɓo shi yau, kafin a shigar da wata takarda da sunansa.