Mambila ko Obudu: ina mai son ganin gonar shayi zai dosa daga Jos?

Malam, tambayarka ta iso. Ka ce kana da hutun mako guda a ƙarshen shekara, kana so ka ɗauki uwargida da yara a motarka daga nan Jos ku je ku ga gonar shayi a kan tsauni. Wasu sun ce maka Obudu, wasu sun ce Mambila, kana neman a raba maka gardama.

In dai ganyen shayin ne ya ja ka, gardamar ta ƙare tun ba a fara ba, domin Obudu ba ta da gonar shayi. Gonar da kake gani a hotuna, koren ganye shimfiɗe a kan tuddai kamar an yi masa aski, tana Kakara ne a kan Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Can ake yin Highland Tea, kuma tun shekarun 1970 ake noman shayi a wurin. Sai dai da yake da iyali za ka tafi, dole a duba abin da kowanne zai ci maka na kwanaki da mota da haƙuri, don a nan ne bambancin yake.

Obudu masauki ne da aka gina a kan dutse domin baƙi. Wani Bature ɗan Sikotlan ne ya kafa wurin kiwon shanu a can a 1951, daga baya gwamnatin Kuros Riba a zamanin Donald Duke ta mayar da shi wurin shaƙatawa, har aka kafa motar nan mai rataye a waya da ke ɗaukar mutane daga gindin dutse zuwa sama, tafiyar kusan kilomita 4. Komai yana wuri ɗaya: ɗakuna, wurin cin abinci, ɗan kurmin Becheve mai gadar igiya a tsakanin itatuwa. Kwana biyu sun isa ka gama zagaya shi. Ita kuwa Mambila ƙasa ce sukutum mai garuruwa da kasuwanni da rugage, irin su Maisamari, Nguroje, Kakara, Gembu da Dorofi. Ba wanda ya shirya ta domin ɗan yawon buɗe ido. Mutane ne ke zaman rayuwarsu, Mambilawa da Fulani da Kaka da Hausawa 'yan kasuwa, kai kuma ka je baƙunta.

Wajen tsayi kusan kunnen doki suke. Obudu tana mita 1,576 sama da teku, Mambila kuma matsakaicinta wajen mita 1,600, ko da yake wasu ƙauyukanta sun haura 1,800. Jos tana mita 1,200 da 'yan kai. Zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000, saboda haka bambancin da za ka ji bai wuce digiri 2 zuwa 3 ba. Wanda ya saba da asubahin Disamba a Jos ba zai ga abin mamaki ba. Rigunan sanyin da yara ke sawa a gida sun isa, ka ƙara musu safa da hula da bargo ɗaya na ko-ta-kwana.

Za ka iya tambaya, tunda sanyin kusan ɗaya ne, me ya hana a noma shayi a Filato? Ba sanyi kaɗai shayi ke so ba. Yana son ƙasa mai tsami-tsami wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, da ruwan sama mai yawa wanda ya bazu a mafi yawan watannin shekara. Mu nan rani yana ɗaukar wata biyar cur ba ɗigo. A Mambila damina ta fi tsawo, ga raɓa da hazon safiya da ke jiƙa ganye.

Abin da za ku gani a Kakara ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne dalilin tafiyar. Shayi itace ne, in an bar shi zai yi tsawo ya wuce mutum. Datse shi ake yi daidai ƙugu domin saman ya zama kamar faifai, masu tsinka su kai hannu ba wahala, kuma bayan shekara 3 zuwa 4 ana yi masa babban datsi don ya sake tofo. Abin da ake tsinka shi ne toho da ganye biyu na ƙarƙashinsa. Ganye na uku da na huɗu sun tsufa, suna ƙara nauyi a kwando amma suna rage wa shayi ƙamshi. Ana dawowa kan layi ɗaya bayan mako ɗaya zuwa biyu, gwargwadon ruwa. Ganyen da aka tsinka ba ya son jira: in aka danna shi a buhu ya daɗe, sai ya ɗau zafi ya fara ja tun kafin ya isa masana'anta, shi ya sa ake gina masana'antar shayi a tsakiyar gona.

A ciki, matakan baƙin shayi huɗu ne kafin a tace. Ana baza ganyen a dogayen kwamaye ana hura masa iska wajen awa 12 zuwa 18 har ya yi yaushi. Sai inji ya yayyanka shi ya murje. Daga nan a bar shi ya sha iska awa ɗaya zuwa biyu, kana kallo kore zai koma launin jan ƙarfe, kuma a nan ɗanɗano ke samuwa. In an gajarta shayin ya yi ɗanye-ɗanye, in an zarce ya yi lami. Sannan a busar da shi da iska mai zafi har danshin ya sauka zuwa wajen kashi 3 cikin 100. Kilo 4 zuwa 4 da rabi na ɗanyen ganye ne ke ba da kilo 1 na busasshe. Yaro da ya ga wannan da idonsa ba zai sake kallon teburin mai shayi kamar da ba.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne zuwa ranar Lahadi ko da la'asar, su tarar da gona ba kowa. Ku je ranar aiki, tsakanin ƙarfe 8 da 11 na safe. Masana'antar wurin aiki ce, saboda haka ka fara zuwa ofis ka nemi izini, zai fi kyau kwana ɗaya kafin ranar, kuma kada ka yi wa yara alkawarin shiga sai an amsa maka. A sa takalmi rufaffe, don raɓa na jiƙa ƙafa kuma ƙasar tana da santsi. Kafin a ɗauki hoton masu tsinka, musamman mata, a gaishe su a tambaye su. A Kusuku, nan kusa, akwai reshen cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke aiki kan shayi da kofi, ga wanda yake son ƙarin bayani kan iri.

Yanzu hanya, inda Obudu ta yi wa Mambila fintinkau. Daga Jos ka bi Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Gboko, Vandeikya, ka shiga garin Obudu. Wanda ya yi sammako zai isa a wuni ɗaya, amma ka sani daga garin zuwa kan dutsen akwai sauran kimanin kilomita 60, kuma kilomita 11 na ƙarshe hawa ne mai kwana sama da 20. Kada ka dogara da motar wayar nan, ta sha tsayawa na dogon lokaci. Ka kira masaukin ka tambaya ko tana aiki a makon da za ku je.

Mambila kwana biyu ce zuwa, kwana biyu dawowa. Rana ta farko ka bi Bauchi, Gombe, Kaltungo, Numan, ka kwana Jalingo. Rana ta biyu ka tashi bayan sallar asuba ka bi Garba Chede, Bali, Serti, zuwa Mayo Selbe, inda hawan yake farawa. Akwai mai ce maka ka yanke ta Shendam da Ibi ka haye Binuwai a jirgin fito zuwa Wukari. A taswira ta fi kusa, amma fito yana da lokacinsa, kuma gadar Namnai da ke tsakanin Wukari da Jalingo ta karye a daminar 2024, don haka da yara a mota ba mu ba ka shawarar wannan ba sai direbobin tasha sun tabbatar maka halin da hanyar take ciki a satin. Su ne kuma za su gaya maka inda ba a bi da yamma. Ko wace hanya ka bi, kada dare ya same ka a daji. Mai hali na iya hawa jirgi daga Abuja zuwa Jalingo in akwai tashi a makon, ya ɗauki shatar mota daga can, ya rage wa kansa wuni guda kowane gefe.

Hawan Mayo Selbe zuwa Maisamari shi ne jarrabawar mota. A nan ne wurin da ake kira Hawa Biyu da Sisi, wanda aka ce ya samo sunansa daga ladan masu dakon kaya na zamanin sulalla. Ƙaramar mota mai lafiya tana hawa da rani, amma abu uku ke kayar da mutane, kuma duka ukun sun shafi Obudu ma. Na farko lagireto: hawa a ƙaramar giya na dogon lokaci yana dafa inji, don haka a wanke lagireto, a duba fanka da tiyo tun a Jos, a kashe na'urar sanyi a kan hawa. In allurar zafi ta haura, ka tsaya ka jira, kada ka buɗe murfin da zafinsa. Na biyu nauyi: inji marar tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 saboda iska ta yi sirara, ka ga ke nan bai kamata a cika but da buhuna ba. Na uku, kuma mafi haɗari, birki a gangara. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, takalman birkin za su yi zafi, man birki ya tafasa, ya taka ya ji fanko. Ka sauko a giya ta 2, ko L in motar mai sarrafa kanta ce, ka bar inji ya riƙe ta, birki kuwa a taka a saki. Man birkin da ya wuce shekara 2 ya riga ya sha danshi, a canja shi kafin tafiya. In hazo ya rufe, ƙaramar fitila ake kunnawa, babbar tana dawo maka da haske ne a ido. Ka yi ham a kowace kwana, don manyan motocin katako da na shanu suna cin tsakiyar titi.

Mai kuwa, ka cika tanki a Jalingo, ka ƙara a Bali ko Serti, domin a sama ya fi tsada. Ka riƙe tsabar kuɗi, sabis na iya ɗaukewa a bar ka da kati a hannu. Yankin iyaka ne da Kamaru, shingayen jami'an tsaro suna da yawa, saboda haka takardun mota da katin shaida na kowane babba su kasance a kusa.

Wajen kwana Obudu ta fi tsari, ta kuma fi tsada, musamman makon Kirsimeti da sabuwar shekara lokacin da ɗaki ke wuya. A Mambila ƙananan masaukai ne a Gembu da Nguroje. Ka shiga ɗakin ka gani kafin ka biya, ka tambayi ruwan zafi da awannin wuta. Ko'ina kuka sauka, kada a kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci. Gidan sauro ma a tafi da shi saboda daren Jalingo.

Abinci da ibada kuwa, Mambila ta fi sauƙi ga irinmu. Masallaci a kowane gari, nama yankan Musulmi, ga kindirmo da man shanu da zuma da ayaba da fiya a araha, Hausa da Fulatanci kuma za su kai ka ko'ina. A Obudu sai ka tambayi wanda ya yi yankan, ko ku tsaya ga kifi da ƙwai, ko uwargida ta yi dambun nama da soyayyen kaji daga gida.

To, a lissafin kwana bakwai ɗinka: Mambila za ta ci huɗu a hanya ta bar maka biyu a sama da ɗaya na hutawa, ɗaya a Kakara, ɗaya a Gembu da bakin kogin Donga ko kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa. Kada ka cusa gandun dajin Gashaka Gumti ko dutsen Chappal Waddi mai mita 2,419 a wannan zuwan, su tafiya ce ta daban. In yaranka sun kai shekarun firamare kuma motarka ta ga bakanike, mu Mambila za mu ce maka. In akwai jariri, ko mai juna biyu, ko tsohuwa da zaman mota ke wahalarwa, ka kai su Obudu ku sha iska, shayin a bar shi sai wani hutun.

Da za ka iya matsar da hutun zuwa Nuwamba ko farkon Disamba da ya fi: ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, ciyawa ba ta gama ƙonewa ba. Daga Janairu ƙurar hunturu na rufe tuddai, ana ƙona daji, tsinkar ma tana raguwa, ko da yake shayin kansa kore ne duk shekara. Wanda za ku sayo tsaraba a zuba shi a gwangwani mai murfi, kada a haɗa shi jaka ɗaya da sabulu ko daddawa ko turare, don ganyen shayi yana zuƙe warin duk abin da ke kusa da shi tun kafin ku sauko Serti.