Bishiyar Kirsimeti: Ɗanya Ko Ta Roba?

Duk Disamba sai an yi ta tambaya: wacce ta fi dacewa a kafa a gida ko a coci, ɗanyar bishiya ko ta roba?

Ta fuskar ma'ana, ganyen bishiyar, wanda ba ya kaɗewa lokacin sanyi, yana nuni da rai madawwami cikin Almasihu. Fitilun da ake rataya mata suna tuna Yohanna 8:12, inda Yesu ya ce shi ne hasken duniya, tauraron da ake ɗorawa a ƙolinta kuma na masanan gabas ne a Matiyu 2. Ɗanyar ta ɗan fi a nan, don rai gare ta da gaske. Sai dai Littafi Mai Tsarki bai umarci kowa ya kafa bishiya ba. Al'ada ce da ta bunƙasa a Jamus tun ƙarni na 16.

Wahala kuwa tana wajen ɗanyar, domin saro ta ake yi a tsayar cikin ruwa. A yanke kamar santimita 2 daga gindinta kafin a tsoma a ruwa, domin ƙaro kan toshe hanyar shan ruwa. A duba ruwan kullum. In ta bushe, tartsatsin waya ɗaya ya isa gobara, saboda haka a nisanta ta da kyandir, a kashe fitilu kafin barci. Da kyar take wuce mako huɗu.

Ta roba ta fi tsada a farko, amma a naɗe a ajiye, ta yi shekaru.

Mai lokacin kula da ita, mai son ƙamshin itace, ɗanyar ce tasa. Coci ko gida mai ƙananan yara, ta roba ta fi kwanciyar hankali.