Gidan sinuka a Rumde Ajiya: inda ake faɗin rami kafin a buga

A unguwar Rumde Ajiya ta birnin Garwa a ƙasar Kamaru, ba nisa da filin ƙwallo, akwai wani gidan sinuka da na daɗe ina zuwa, kuma abin da ya riƙe ni a can shi ne yadda suka shawo kan gardamar da ke raba abokai a bakin tebur. Wasan da ake yi shi ne irin na Amurka mai ƙwallaye 15 masu lamba, inda ɗan wasa ɗaya ke bin 1 zuwa 7, ɗaya kuma 9 zuwa 15, kafin a kai ga baƙa mai lamba 8.

Teburan suna daidai, ba sa jan ƙwallo gefe guda, ko da yake bakin wasu sandunan ya cinye, alli kuma kan yi ƙaranci da daddare. Idan wuta ta ɗauke a zafin watan Afrilu, ɗakin ba ya zaunuwa.

Mai gidan ya ɗauki ƙa'idar WPA, hukumar da aka kafa a 1987 domin kula da wannan wasa a duniya. Ƙa'idar ta ce mai bugu ya ambaci ƙwallon da yake nufi da ramin da za ta faɗa, sai fa idan abin a fili yake, kuma ba a tambayarsa gefe nawa za ta daka ko wace ƙwallo za ta goga a hanya. Wannan ya yi mini daidai ƙwarai, domin a wasu gidajen za ka ga an ƙwace wa mutum bugu mai kyau don kawai ƙwallonsa ta ɗan taɓa wata, daga nan sai rantse-rantse da ɗaga murya. A nan kuwa alƙalin tebur, da zarar ya ga za a bi ta gefe ko a tura wata da wata, sai ya tsayar da mutum tun bai sunkuya ba, ya ce, "Yaya, wace ƙwallo, wane rami?"

Na ga wani matashi da baƙarsa ta faɗa ramin da bai ambata ba, a daidai lokacin da alƙali ya juya yana karɓar kuɗi, abokin karawarsa ma hankalinsa na wani wuri. Bisa ƙa'ida wanda ya yi haka ya faɗi wasan. Yaron ya ajiye sanda ya ce wa abokin karawarsa, "Baba, ba nan na faɗa ba, wasa naka ne." Ina ganin gidan na da hannu a wannan tarbiyya, saboda inda doka ta zauna daram, faɗin gaskiya ya fi sauƙi.

Gyara biyu nake roƙo. Takardar dokar da ke manne a bango da Faransanci kaɗai aka rubuta ta, alhali yawancin masu zuwa Hausa da Fillanci suke ji. Sannan alƙali ɗaya ba zai iya lura da dukkan teburan ba ranar gasa, shi ya sa 'yan kallo kan shiga yanke hukunci, kowa na kare nasa. Wanda ke son wasa cikin natsuwa ya je bayan la'asar, kafin a cika.