Tattaki daga Chipping Campden zuwa Broadway: ya biya ni, amma a je da shiri

Mazaunin Landan ko Birmingham da hayaniyar gari ta ishe shi, yake son ya miƙe ƙafa a karkara, wannan hanya za ta yi masa. Ita ce farkon doguwar hanyar Cotswold Way da ke yankin tuddan Cotswolds na ƙasar Ingila, mai tsawon mil 102, wadda ta tashi daga Chipping Campden ta dire a birnin Bath, aka kuma shigar da ita jerin manyan hanyoyin tattaki na ƙasa a 2007. Ni kam zangon farko kaɗai na yi, wajen mil 6, zuwa ƙauyen Broadway.

Daga tsohuwar rumfar kasuwa ta dutse, ginin 1627, ake kama hanya. Kafin ka ankara gidaje sun ƙare, ka fara hawan tudun Dover's Hill. A nan ne tun wajen 1612 ake gudanar da wasannin gargajiya da Robert Dover ya assasa, ciki har da gasar shurin ƙwauri: ƙarti biyu su cusa ciyawa a wando, su riƙe kafaɗun juna, su yi ta shuri har ɗaya ya faɗi. Kowa da irin tasa jarumtar. A gefen tudun akwai kurmin Lynches Wood, ƙarami ne amma ya cancanci ratse, musamman ƙarshen Afrilu da shuɗin fure ke rufe ƙasa a ƙarƙashin itatuwa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda hanyar ke keta gonakin mutane kai tsaye. Ka buɗe ƙyaure, ka ratsa tsakiyar garken tumakin wani, ka fita ta ɗaya ɓangaren, babu mai ce maka daga ina. Ba alfarma manomin ya yi maka ba, doka ce ta ba kowa haƙƙin wucewa. Idan hanyar ƙafa ta bi ta tsakiyar gona kuma ya huɗe ta, wajibi ne ya gyara ta cikin kwana 14, faɗinta kada ya gaza mita 1, kuma ba shi da ikon barin shuka ta toshe ta. Na tuna da burtalin shanu a wajenmu, wanda shi ma kowa ya san da zamansa, sai dai gonaki sun cinye da yawa daga ciki. Bambancin shi ne nasu yana kan taswirar hukuma, kuma akwai mai bin kadi.

Alamomi ma ba laifi. Kibiya ruwan ɗorawa ta masu tafiya a ƙasa ce, shuɗiya kuma har da masu doki da keke, sannan hoton ƙwallon itacen oak na nuna kana kan babbar hanyar. Duk da haka a sauke taswira a waya tun daga gida, don sabis kan ɗauke a wasu kwaruruka.

Akwai abubuwan da ba su yi min ba. Taɓo na farko. Bayan ruwan sama, bakin kowane ƙyaure dagwalo ne da dabbobi suka tattake, takalmin gayu ba zai kai labari ba. Sai karnuka: kusan kowane matafiyi da nasa, wasu a sake, kuma suna son shinshina baƙo. Mai kula da tsarkin tufafinsa ya san da wannan. Wurin sallah ma sai an duba, domin kashin tumaki ko'ina, ƙaramar darduma a jaka tana da rana. Abinci kuwa a ɗauki guzuri, shagunan shayi da mashaya ne suka fi yawa.

Ƙololuwar tafiyar ita ce hasumiyar Broadway Tower, wadda James Wyatt ya zana a ƙarshen ƙarni na 18, a kan tudu mai tsayin mita 312, na biyu a duk yankin bayan Cleeve Hill. Sai da tikiti ake hawa. A ganina, in sararin sama bai washe ba, riƙe kuɗinka, abin da za ka hango daga gindinta ya wadatar. Daga nan gangara ce zalla zuwa Broadway, mai ciwon gwiwa ya nemi sanda.

Babban ciwon kai shi ne zuwa da komawa. Jirgin ƙasa daga tashar Paddington ta Landan yana kai mutum Moreton-in-Marsh cikin kamar awa ɗaya da rabi, amma daga nan sai bas ko tasi, kuma bas ɗin ƙauye ba ta da yawa, ballantana ranar Lahadi. Tunda tafiyar ba zagaye ba ce, wanda ya ajiye mota a Chipping Campden ya tanadi abin da zai mayar da shi tun kafin ya ɗaura takalmi. A lokacin sanyi kuma a fita da sassafe, don a Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4.