Canva a idon mai zana shafukan intanet

Na daɗe ina zana wa 'yan kasuwa shafukan intanet a Kano, kuma babu manhajar da ta sauya hulɗata da masu ba ni aiki kamar Canva, manhajar tsara zane, wadda Melanie Perkins da abokan aikinta biyu suka ƙaddamar a Ostireliya a 2013. A da, mutum yakan zo ya bayyana abin da yake so da baki, ni kuma in san yadda zan tsara shi. Yanzu da zanensa yake zuwa a waya, ya riga ya gama shawara, abin da yake nema kawai shi ne in mayar masa da shi shafi.

Ita manhajar ta cancanci yabo. Samfuran da ke cikinta waɗanda suka san aiki ne suka tsara su, domin za ka tarar da launi biyu ko uku, da rubutu mai sauƙin karantawa, da fili da aka bari don ido ya huta. Tsarinta na kyauta ya ishi mai neman katin gayyata ko tallar WhatsApp, wanda ya biya kuɗi kuma zai iya cire bayan hoto, ya adana tambarinsa da launukansa wuri guda.

Rigimar tana farawa ne lokacin da mai aiki ya ɗauki samfurin ya ce zai gyara. Wani dillalin atamfa da shadda ya turo mini nasa da jan rubutu a kan kore, salon rubutu iri biyar, lambobin waya huɗu, ga hotonsa a tsakiya ya danne kayan da ake tallatawa. Da na nuna masa nawa, sai ya ce, "Malam, wannan ai ya yi fayau, kuɗi na biya, don me za ka bar mini fili babu komai?" Na fahimci inda ya dosa, domin a Kantin Kwari shagon da kaya suka cika har bakin ƙofa shi ne shagon mai jari, amma allon waya bai kai tafin hannu biyu ba, kuma ƙa'idar WCAG, wato ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1, abin da jansa da korensa ba su ko kusanta ba.

Akwai kuma batun haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutun ƙawa, waɗanda masu aiki suka fi so, ba su ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, kuma maganin da mai aiki yakan kawo shi ne a cire lanƙwasar, sai "ƙasa" ta koma "kasa". Salon rubutu na Noto Sans yana ɗauke da su duka, sai dai da wuya ya burge Alhaji.

Tun 2022 ana iya wallafa shafi kai tsaye daga Canva a adireshi na kyauta, kuma ya dace da mai son nuna kaya da lambar waya. Shagon da ke buƙatar lissafin kaya da karɓar kuɗi kuwa, a manhajar gina shafuka ta WordPress nake gina shi.

Amfanin da na fi samu da ita shi ne raba gardama. Na ɗora zanen dillalin nan da nawa a wayarsa, muka fita tsakar rana, na ce, "Alhaji, karanta mini farashin shaddar nan." Ya kanne ido, ya kare allon da hannu, ya kasa. A nan ya yarda aka sauya launi, aka cire lambobi biyu, hotonsa dai yana nan a tsakiya har yau.